Dafin ƙwayar maruru mai bijire wa magani, da iyakar abin da gwajin ɓera ke faɗa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu warware wasu abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa idan an zo maganar ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani. Sau da yawa mai karatu zai ga an rubuta cewa ƙwaya kaza ta fi haɗari domin ba ta jin magani, kamar taurin kan nata ne ke cin naman mutum. Rashin jin magani shi ke sa jinya ta ƙi ci. Abin da ke ruɓar da fata, ya tara mugunya, ya bar gyambo kuwa, dafi ne da ƙwayar ke fitarwa. Kaso mai yawa na abin da aka sani game da wannan dafi daga jikin ɓeraye da zomaye aka koyo shi, kuma wanda bai san yadda ake gwajin ba zai iya ɗora wa sakamakon nauyin da ba zai ɗauka ba.

Ƙwayar da muke nufi ita ce Staphylococcus aureus, staf a taƙaice, mai jawo maruru da ƙurji mai mugunya. Wani likitan fiɗa a Abadin ta ƙasar Sukotilan, Alexander Ogston, shi ya gan ta cikin mugunya a 1880. Kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita a hanci ba tare da ciwo ba. Magungunan dangin penisilin suna kashe ta ne ta hanyar danne maginan da ke gina mata bango. A 1961 aka ba da rahoton nau'in farko a Ingila wanda ya samo wata ƙwayar gado mai suna mecA, wadda ke ba shi wani magini na daban, PBP2a, da maganin ba ya iya kamawa sosai. Wannan nau'in ƙwayar mai bijire wa magani shi ne ake kira MRSA. A lura da kyau, wannan magini ba ya huda ƙwayar jini ko ɗaya. Aikinsa gini ne kawai.

Shekaru kusan talatin MRSA ta kasance ciwon masu kwanciya a asibiti, tsofaffi da waɗanda aka yi wa aiki. Sai al'amari ya sauya. A 1999 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutuwar yara huɗu a jihohin Minnesota da North Dakota, yaran da ba su da wata alaƙar da aka saba gani da asibiti. A watan Agustan 2004 aka bincika masu zuwa sashen gaggawa da ciwon fata mai mugunya a birane 11 na Amurka, aka tarar kashi 59 cikin 100 MRSA ce, kusan dukkanta kuma zuriya ɗaya ce da aka raɗa wa suna USA300. Me ya sa wannan zuriya ke kama lafiyayyun mutane, har da 'yan wasa da sojoji? Ba za a sa wa mutum ƙwaya da gangan don a gani ba, dole aka koma ga dabbobi.

Ga yadda ake gwajin a ɓera. Ana samun ɓeraye 'yan mako shida zuwa takwas, a aske musu gashin baya kwana ɗaya kafin allura, domin fatar da aska ko man cire gashi ya fusata takan kumbura da kanta, ta ɓata awo. Wasu sukan guje wa wannan ta amfani da wani irin ɓera marar gashi mai lafiyayyar garkuwa, SKH1. Ita ƙwayar ana rainonta a ruwan abinci har ta kai tsakiyar ganiyar hayayyafa, sannan a wanke ta sau biyu ko uku da ruwan gishiri. Wankin nan ba ƙaramin abu ba ne, don idan aka bar ruwan da ta girma a ciki, an yi wa ɓeran allurar dafin da aka riga aka tara a kwalba, ba wanda ƙwayar ta yi a jikinsa ba. Daga nan sai a ɗebi ƙwayoyi kimanin miliyan 10 cikin ruwa maikrolita 50 zuwa 100, wato bai fi kashi ɗaya cikin goma na mililita ba, a tura ƙarƙashin fata bayan an sa wa dabbar maganin barci. Ragowar ruwan ana shuka shi a faranti a ƙirga washegari, don a tabbatar da adadin da aka tura da gaske.

Bayan haka aikin awo ne, kullum, har kusan mako biyu. Ana auna tsawo da faɗin kumburin da ma'auni mai baki biyu, ana kuma auna baƙin tabon da ke nuna fata ta mutu, kowanne daban. A ranar da aka tsara sai a yanko wurin, a niƙa rabi a shuka don ƙirga ƙwayoyin da suka rage, ɗaya rabin a yanka shi siriri a rina a duba a madubin ƙara girma. Ana auna nauyin dabbar a kai a kai, kuma ƙa'idar da yawancin kwamitocin kula da dabbobin gwaji ke bi ita ce wadda ta rasa kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinta a kawo ƙarshen wahalarta. Muna ganin wannan ƙa'ida wajibi ce, don tausayi da kuma don ilimin kansa, tunda dabbar da ta galabaita ba ta ba da sakamakon da za a dogara da shi.

Zuciyar gwajin ita ce kwatanci. Ana ɗaukar ƙwaya ɗaya a cire mata ƙwayar gadon dafi guda, a bar sauran komai yadda yake, a gwada ta kusa da uwarta. Sannan a mayar mata da abin da aka cire a ga ko ɓarnar ta dawo. In ba a yi wannan mataki na uku ba, babu tabbacin cewa ba wani abu ne ya lalace a jikin ƙwayar ba lokacin da ake mata aikin. Za a ga amfanin wannan gargaɗi a gaba.

Dafin da hujjarsa ta fi ƙarfi a fata shi ne alfa. Ƙwayar tana sakinsa ɗai-ɗai, sai bakwai su haɗu a kan tantanin ƙwayar jikin mutum su yi zobe su huda shi. A 2010 aka gano makamarsa, wato abin da yake riƙewa a jikin ƙwayar kafin ya huda, wani furotin mai suna ADAM10. Wannan furotin almakashi ne da jiki ke amfani da shi cikin tsari. Idan dafin ya kama shi sai ya zuga shi ya yanke E-cadherin, gam ɗin da ke manne ƙwayoyin fata da juna, sai shingen fata ya buɗe. A jijiyoyin jini ma haka yake yi, ya kuma dunƙule ƙwayoyin daskarar da jini, ƙananan jijiyoyi su toshe, naman da suke shayarwa ya mutu. Baƙin tabon da ake aunawa ke nan. An tabbatar da wannan ta fuska uku. USA300 da aka cire wa dafin alfa tana yin ɗan ƙurji amma da wuya fata ta mutu. Ɓerayen da aka cire wa ADAM10 daga ƙwayoyin fata sun tsira daga ruɓewar. Waɗanda aka yi wa rigakafi da gurgun dafin, wanda aka sauya masa ɗaya daga cikin tubalan da suka gina shi, na gurbi na 35, har ya kasa huji, su ma gyambonsu ya ragu ƙwarai. A zomo ma an ga irin haka. A ɗan Adam kuma an lura cewa yaran da jininsu ke da yawan sinadaran kariya daga wannan dafi sun fi tsira daga dawowar ciwon. Idan ɓera da zomo da mutum suka yi baki ɗaya, magana ta yi nauyi.

Na biyu wasu gajerun sinadarai ne da ake kira PSM, waɗanda ɗakin binciken Michael Otto a Amurka ya bayyana aikinsu a 2007. Mafi ƙarfinsu tubali 22 kacal gare shi. Idan suna da yawa ba sa neman makama, narkar da tantani suke yi kamar yadda sabulu ke narkar da maiƙo. Idan kaɗan ne kuma sai su zama kira, su jawo fararen ƙwayoyin jinin da ake kira nutrofil zuwa wurin. Kitsen da ke yawo a jini yana kama su ya kashe musu kaifi, shi ya sa ɓarnarsu ta fi yawa a cikin ƙwayar nutrofil ɗin kanta: ta haɗiye staf don ta kashe ta, staf ta fasa ta daga ciki ta fito. Gawarwakin nan su ne mafi yawan mugunya. An tarar zuriyoyin da ke yawo a cikin jama'a sun fi na asibiti fitar da PSM nesa ba kusa ba.

Dukkan dafin nan biyu wani makunni ɗaya ke sarrafa su, ana ce masa agr. Kowace ƙwaya tana sakin wani ɗan sinadari na alama, idan suka yi yawa a wuri ɗaya alamar ta taru, sai duk su kunna dafi a lokaci guda. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A nan rashin jin magani da dafi suna da wata alaƙa ta kai tsaye, kuma ba irin wadda ake zato ba. An nuna cewa a wasu zuriyoyin asibiti, yawan aikin mecA yana dakushe makunnin agr, sai ƙwayar ta fi jure magani amma dafinta ya ragu. Zuriyoyin cikin jama'a irin USA300 suna ɗauke da ƙaramin ƙunshin mecA, nau'i na huɗu, wanda bai cika yi musu nauyi ba, suka haɗa juriya da cikakken dafi.

Yanzu ga inda muka fi so a tsaya, labarin dafin PVL, don shi ne ya fi nuna yadda dabba ke iya ɓatar da mai bincike. Panton da Valentine ne suka bayyana shi a 1932 a Landan. Kashi biyu ne, S da F, huɗu-huɗu suke haɗuwa su huda nutrofil. Da CA-MRSA, wato mai yawo a cikin jama'a, ta bayyana, sai aka ga kusan kowace zuriyarta tana ɗauke da shi, kowa ya ce an kama ɓarawo. A 2006 masu bincike a jihar Montana ta Amurka suka cire shi daga USA300 suka yi wa ɓeraye allura, ƙurjin bai ragu ba ko kaɗan. A 2007 wata tawaga ta buga cewa PVL na ruɓar da huhun ɓera. Daga baya aka gano ƙwayar da suka yi amfani da ita ta samu wani lahani a makunnin agr ba da saninsu ba, abin da ya gurɓata wani ɓangare na sakamakon. Aka shekara da shekaru ana jayayya, kowa da ɓerayensa.

Amsar ta fara fitowa a 2010, lokacin da masu bincike a Jamus suka zuba tsantsar dafin a kan nutrofil na halittu daban-daban a kwalba. Na mutum da na zomo suka fashe, na ɓera da na wani irin biri suka ƙi. A 2013 wata tawaga a Utrecht ta ƙasar Holan ta gano dalili: makamar PVL wani furotin ne mai suna C5aR, kuma siffar na ɓera ta bambanta da ta mutum yadda dafin ba ya iya riƙe shi. Ashe duk shekarun nan ana gwada mabuɗi ne a ƙofar da ba tasa ba. Kama da wane ba ta wane. Da aka dasa wa wasu ɓeraye marasa garkuwa ƙwayoyin jinin ɗan Adam a 2015, sai ga ƙwaya mai PVL ta yi gyambo mafi girma fiye da wadda aka cire wa shi. Ko a zomo maganar ba ta zo da sauƙi ba, don a 2011 an buga gwaji biyu a fatarsa, ɗaya bai ga PVL ya ƙara girman ƙurji ba, ɗaya ya ga ya ƙara a kwanakin farko. A mutane, nazarin da ya tattara rahotanni da yawa a 2013 ya nuna PVL na tafiya da ciwon fata mai mugunya da yawan buƙatar tsagawa, amma bai nuna yana ƙara mutuwa a ciwon da ya shiga jini ba. Ra'ayinmu shi ne PVL na da hannu a maruru mai zurfi da mai dawowa, amma shi kaɗai bai isa ya bayyana nasarar USA300 ba.

Ba PVL kaɗai ke zaɓen jini ba. Wani dafin mai suna LukAB yana kama makamarsa, furotin CD11b, na mutum, na ɓera kuwa da ƙyar. Dafin LukED shi yana aiki a duka biyun. Saboda haka idan aka ce an cire dafi kaza ba a ga canji a ɓera ba, abin tambaya na farko shi ne ko dafin yana iya kama ƙwayar ɓera tun asali.

Akwai sauran ramuka. Nutrofil a jinin mutum kashi 50 zuwa 70 ne cikin 100 na fararen ƙwayoyi, a ɓera kashi 10 zuwa 25. Fatar ɓera siririya ce, sako-sako, tana da wani shimfiɗaɗɗen tsoka a ƙarƙashi da ke tattare bakin rauni ya rufe, alhali raunin mutum cikowa yake yi daga ƙasa. Fatar alade ta fi kama da tamu, sai dai tsada da wahalar kiwo sun sa ba a cika amfani da ita ba. Zurfin allura ma yana sauya komai: wadda ta tsaya cikin fata takan ba da faffaɗan gyambo, wadda ta wuce ƙasa takan ba da dunƙulallen ƙurji, hannun mai allura ɗaya ya kamata ya yi dukansu. Mazan ɓeraye sun fi mata samun ruɓewar fata daga dafin alfa. Irin ɓeran da ake kira BALB/c yakan samu kariya bayan kamuwar farko, C57BL/6 kuwa bai cika samu ba, to wanne ne ke wakiltar mutumin da maruru ke dawo masa sau uku a shekara? Sannan ɓeran gwaji bai taɓa haɗuwa da staf ba, mutum kuwa tun yana jariri yake hulɗa da ita, garkuwarsa ta riga ta ɗauki wata hanya. Ga kuma adadin: miliyan 10 a allura ɗaya ba haka ciwo ke farawa a jikin mutum ba, inda 'yan ƙwayoyi ke shiga ta tushen gashi ko ƙaramin ƙwarzane. Yawan nan yana kunna agr nan take, yana iya kumbura muhimmancin dafi fiye da yadda yake. Mai awon ma kada ya san wane keji ne na wace ƙwaya, domin gefen gyambo ba layi ba ne, ido yakan ga abin da zuciya ke so.

Wanda ya ga muna tsanantawa ya dubi tarihin rigakafi. Allurar V710 ta kamfanin Merck ta kare ɓeraye, amma a 2011 aka dakatar da gwajinta a kan masu jiran aikin zuciya, bayan ta kasa hana kamuwa, kuma waɗanda suka kamu bayan sun karɓe ta sun fi mutuwa. Ta kamfanin Pfizer, SA4Ag, an tsayar da ita a 2018 don ba a ga alamar za ta yi amfani ba. Sinadarin kariya na suvratoxumab, wanda aka ƙera musamman don toshe dafin alfa kuma ya yi aiki sosai a dabbobi, bai rage ciwon huhu yadda za a kafa hujja da shi ba a gwajin masu numfashi da na'ura. Har yau babu rigakafin wannan ƙwaya da aka amince da shi.

Duk da haka akwai abin da binciken dafi ya kawo wanda ke amfanar majinyaci tun yanzu. An nuna a kwalba, tun a wani aiki na 2007 da wasu kafinsa, cewa idan aka ba MRSA maganin dangin penisilin wanda ba zai kashe ta ba, takan ƙara fitar da dafin alfa da PVL. Wato maganin da bai dace ba yana iya wuce rashin amfani ya kai ga tsokanar ƙwayar. Magungunan kilindamaisin da linezolid kuwa suna tsayar da injin da ƙwayar ke ƙera furotin da shi, sai dafin ya ragu tun kafin ta mutu, shi ya sa likitoci ke ƙara ɗayansu a ciwo mai tsanani. Sai dai kafin a dogara da kilindamaisin dole ɗakin gwaji ya yi gwajin D: a ajiye 'yar takarda mai maganin eritromaisin maikrogiram 15 da mai kilindamaisin maikrogiram 2 a farantin da aka shuka ƙwayar, tazarar milimita 15 zuwa 26. Idan da'irar da ke kewaye da kilindamaisin, inda ƙwayar ta kasa tsirowa, ta baje ta gefen ɗayar har ta yi kama da harafin D, ƙwayar tana da ɓoyayyar juriya da za ta iya bayyana ana tsakiyar jinya. Ita kanta MRSA da maganin sefoksitin maikrogiram 30 ake gane ta, idan da'irar ba ta wuce milimita 21 ba.

Ga ƙurjin da ya nuna kuma, babban magani shi ne ma'aikacin lafiya ya tsaga ya fitar da mugunyar, domin magani ba ya ratsa ta sosai, kuma a cikinta ƙwayoyi suka fi cunkushewa suna kunna dafi. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2017 kan ƙurjin da bai wuce santimita 5 ba ya nuna tsagawa kaɗai ta warkar da kusan kashi 69 cikin 100, tsagawa tare da kilindamaisin ko kotirimoksazol kuma kashi 82 zuwa 83. Matsewa da yatsa ba tsagawa ba ce, tana iya fasa bangon da jiki ya gina ya tura ƙwayar ciki. Zazzaɓi, ja mai yaɗuwa cikin sa'o'i, ƙurji a tsakiyar fuska, ko ƙurji a jikin jariri ko mai ciwon sukari, duk na zuwa asibiti ne a ranar.

Abin da ake ta bugawa a 'yan shekarun nan shi ne sinadaran da ke toshe agr, irin savirin da wasu da aka tato daga ganyen itatuwa, waɗanda ke hana ƙwayar dafi ba tare da kashe ta ba. A ɓera suna rage gyambo ƙwarai, kuma tunanin da ke bayansu mai kyau ne. Amma a yawancin gwaje-gwajen ana tura sinadarin ne tare da ƙwayar a allura ɗaya ko jim kaɗan bayanta, kuma wani aiki na 2005 ya nuna sa'o'in farko ne ke yanke hukuncin ko ƙurji zai kafu. Majinyaci sai bayan kwana uku ko huɗu yake zuwa, dafi ya riga ya yi aikinsa. Ƙwayar da agr ɗinta ya mutu kuma takan fi manne wa ƙarfe da roba ta yi kauri, ana samun irinta a ciwon jini da ke ƙin warkewa. Don haka, ya Edita, roƙonmu ga jaridarka shi ne duk ranar da labari ya zo cewa an gano maganin MRSA a gwajin dabbobi, a sa wakilinka ya nemo wa masu karatu wace dabba ce, ƙwayoyi nawa aka tura mata, girman gyambo aka auna ko adadin ƙwayoyin da suka rage, kuma awa nawa bayan kamuwa aka ba da maganin.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin ƙwayoyin cuta da garkuwar jiki.